Na je Ikko neman masu gasa gilashi

Shekara goma sha bakwai ina yanka gilashi a Ƙofar Ruwa a Kano, ban taɓa zaton akwai abin da wani zai nuna mini a kansa ba. Ka kawo awo, in ja dayamon, in ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya rabu biyu kamar an tsaga kara. Sai ga wani Alhaji na unguwarmu, wanda yake gina masallaci sadaka ga mahaifinsa, ya miƙo mini waya ya ce, "Irin wannan nake so a tagogin sama." Hoton wani gilashi ne mai kauri, shuɗi da ruwan zuma sun shiga juna, fuskarsa da tudu da kwari kamar ruwan da iska ta kaɗa ya daskare a haka. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, leda ce mai launi ake mannawa. Alhaji ya dube ni ya ce wadda na manna masa a gida bara waccan rana ta cinye ta, ta koɗe tana ɓarewa kamar saɓar maciji. Na rasa bakin magana. Ya ce ɗansa ne ya ɗauko hoton a wani gida a Legas, in je in nemo masu yi, kuɗin mota a wuyansa.

Da la'asar muka tashi daga Sabon Gari a babbar mota. Ban da ciwon baya da wa'azin mai tallar magani, babu abin da zan ce game da hanya, sai wuri ɗaya. Dare ya raba muka ratsa Bida, na farka na ga fitilun masu shayi, sai kakata ta faɗo mini a rai. Tana da wata baƙar munduwa ta gilashi da ba ta yarda kowa ya taɓa, takan ce aikin Nufawan Masaga ne. A unguwar Masaga ta Bida har yanzu akwai masu narka kwalabe suna yin mundaye da duwatsun wuya, suna kuma cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Ga ni zan yi tafiyar kilomita dubu neman masu sarrafa gilashi da wuta, na wuce ta ƙofar gidan waɗansu ina gyangyaɗi.

Washegari da rana muka shiga Legas. Daga inda aka sauke mu na hau danfo zuwa Agege, wajen kawuna mai goro, wanda ya fi shekara arba'in a can amma har gobe Ikko yake ce wa garin. Wanda bai taɓa zuwa Agege ba ba zai gane ba. Ka sauka ƙarƙashin gadar Pen Cinema cikin hayaniyar Yarabanci da hon, ka karya kwana biyu, sai ka ji "Salamu alaikum, an wuni lafiya?" ga mai tsire, ga mai yankan farce, ga ɗan kiran salla. Fataucin goro da layin dogo ne suka zaunar da mutanenmu a nan tun kaka da kakanni. Yaran da aka haifa a wurin sukan fara magana da Hausa su ƙarasa da Yarabanci ba su ma san sun sauya ba.

Na nuna wa Kawu hoton bayan isha'i. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, ni goro na sani. Amma gobe ka tafi Dopemu, kasuwar 'yan alminiyum. In ba a san shi a can ba, to ba a yin sa a ƙasar nan."

Dopemu ba nisa. Nan na ga sana'ata ta tara jama'a kamar kasuwar Kurmi: sandunan alminiyum jingine har sama, gilasai a jere, ƙarar injin yanka ko'ina. Na wuni ina nuna waya. Wannan ya ce leda ce, wancan ya ce fenti ne, wani ya rantse daga Dubai ake kawowa kuma in na ba da rabin kuɗi zai sa a turo. Har na fara haƙura sai wani yaro mai tura kura, ɗan Sakkwato da ganin bakinsa, ya leƙa wayar ya ce, "Ai wannan na masu gashi ne. Ni ke kai musu gilashi." Na ce gashin me? Ya ce, "Gilashin suke gasawa, kamar gurasa."

Wani lungu ya kai ni, bayan wata ma'ajiyar katako. Wurin na wata Bayarabiya ce da ta yi karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba, kowa Madam yake ce mata. Amma wanda ke riƙe da wuta Bahaushe ne haifaffen Agege, dattijo mai furfura a gemu, jikan masu goro. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Kano, ya dubi tabon yanka a yatsuna ya yi murmushi. Ya ce, "Bakano, kai ma ɗan gida ne. Zauna."

Tanderun ba irin na masu gurasa ba ne. Akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, ya kai gadon mutum biyu, cikinsa an jera farin bulo mara nauyi, murfinsa kuma da wayoyin lantarki a nannaɗe waɗanda ke yin ja in an kunna. A gefe akwai 'yar na'ura mai lambobi da ake tsara wa yadda zafi zai hau da yadda zai sauka. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, babu busawa da bututu kamar yadda nake gani a bidiyo. Gilashi ake yankawa a sanyi, a jera shi a kan faranti yadda ake so, a rufe, a bar zafi ya yi sauran.

Malam ya ce wutar hawa uku ce. In ta kai wajen digiri 650 zuwa 700 a ma'aunin salshiyos, gilashi yakan yi laushi ya kwanta a kan duk abin da aka ɗora shi, ya ɗauki siffarsa. Da haka ake yin kwanuka, da gilasai masu tudu da kwari irin na hoton Alhaji: a zana abin da ake so a kan garin farar ƙasa ko mazubi, a shimfiɗa gilashi a kai. In an ƙara ta kai wajen 750, gutsattsarin da aka ɗora wa juna sukan manne amma kowanne yana nan da kamanninsa, kana shafawa kana jin gaɓarsa. In ta haura 800 kuwa, sai su narke su zama abu guda, sumul. Ya ce gilashin taga irin wanda nake yankawa ya fi taurin kai, yana son wuta fiye da wanda aka yi musamman don wannan aiki.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne maganar kauri. Ashe gilashi in ya narke yana da kaurin da yake so, wajen milimita 6. Ka sa masa falle ɗaya mai milimita 3, sai ya tattare bakinsa ya ja ciki. Ka jibga falle uku, sai ya baje ya malala gefe, dole ka yi masa shinge. Shi ya sa falle biyu ake yawan haɗawa. Kuma kafin a ɗora komai sai an shafe farantin da ruwan farar ƙasa ya bushe, ko a shimfiɗa wata takarda da wuta ba ta ci, in ba haka ba gilashi ya kama faranti, sai dai guduma ta raba su.

Ya ɗauko wani guntun gilashin taga ya ce, "Wannan fuska nawa gare shi?" Na ce biyu mana. Ya ce to ba iri ɗaya ba ne. Ya ja ni cikin duhu, ya haska wata 'yar fitila mai kama da ta duba jabun kuɗi, sai ɗaya fuskar ta yi wani fari-fari kamar an shafa madara, ɗayar ba ta yi ba. Gilashin taga na zamani a kan narkakkiyar kuza ake zuba shi ya shimfiɗu, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da ita a 1959, shi ya sa yake fitowa daidai wa daida ba tare da an goge shi ba. Fuskar da ta kwanta a kan kuzar takan ɗebi kaɗan daga cikinta, kuma a tanderu takan iya yin hazo ko ta sauya launin da aka zuba mata. Shekara goma sha bakwai ina juya abin nan a hannuna, ban san yana da ciki da baya ba.

Launi kuwa ba fenti ba ne, a cikin jikin gilashin yake. Sinadarin kobal ke ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe ya ba da shuɗi mai ratsin kore, ƙarfe shi ne koren da kake gani a gefen gilashin taga. Akwai wani ja mai ruwan hoda da sai an sa zinariya ake samun sa, shi ya sa Madam take kulle shi a kabad. Suna da shi falle-falle, suna da shi dakakke kamar tsakin masara, suna da shi gari lukui, duk a robobi da lamba a jiki.

Nan fa girman kai ya motsa. Na ce, "Malam, in dai launi ne, ai ga kwalabe nan birjik a bola, kore da ruwan ƙasa. Me zai sa a yi ta sayen na waje da dala?" Ya ce, "Gilashi da gilashi ba lalle su jitu ba." Kowane iri da yadda yake buɗewa in ya ji zafi, da yadda yake tsukewa in ya huce. Masu yin na musamman sukan sa masa lamba, akwai mai 90, akwai mai 96, kuma ba a haɗa wannan da wancan. Na taga yana ƙasa da su. Kwalba kuwa kowace masana'anta da haɗinta. Na ce ni dai gani ya kori ji. Madam da ke jin mu ta yi dariya, ta ce a bar ni in gwada.

Na fasa koriyar kwalba, na yanka gilashin taga murabba'i kamar tafin hannu biyu, na zauna na jera Dagin Arewa a kai da gutsattsarin kwalbar. Ba don yabon kai ba, ya yi kyau. Malam ya sa shi a kusurwar tanderu tare da aikinsu, ya rufe, ya danna lambobi. Na ce ƙarfe nawa zan dawo da yamma? Ya ce, "Jibi da safe."

Na zaci wasa yake. Ya zaunar da ni ya ce hawan wutar ma a hankali ake yi don kada gilashi ya fashe tun yana sanyi, kuma a can ƙololuwa minti kaɗan yake yi. Aikin duka yana wajen saukowa. In zafi ya sauko wajen digiri 500, ko 550 in na taga ne, sai a tsayar da shi nan a riƙe, awa guda ko fiye gwargwadon kauri, har cikin gilashin da bayansa su daidaita. Daga nan a riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan, kuma ba a ɗaga murfi sai hannu zai iya taɓawa. In ka yi gaggawa, baya ya daskare ciki bai gama ba, gilashin zai fito lafiya a ido amma da ɗaurin ciki, wata rana yana zaune a bango sai ka ji ƙas. Mai kauri sosai yakan yi kwanaki yana hucewa. Madam ta ƙara da cewa wani madubin hangen taurari mai faɗin mita biyar da aka zuba a Amurka a 1934 wajen wata goma ya yi yana hucewa.

Babban abokin gabarsu ɗauke wuta ne. Malam ya nuna mini wata ƙofa mai tsayin mutum jingine a bango, tsage daga sama har ƙasa. An ɗauke wuta da tsakar dare daidai lokacin riƙon, yaron da aka bari ya tayar da janareta barci ya sace shi. Tun daga ranar, in akwai babban aiki a ciki, a nan yake shimfiɗa tabarma. Ga tsada: tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ba sa kunna tanderu sai sun cika shi maƙil.

Da na ba Kawu labari da daddare ya tuntsire da dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Ana ta cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, ashe suna nan bayan Dopemu suna biyan kuɗin wuta."

Ranar jira Malam ya ce in raka su kai aiki Lekki. Aka ɗaure gilasan a tsaye a bayan a-kori-kura, muka hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ruwa hagu da dama, ga gidajen Makoko a kan turaku can ƙasa cikin hayaƙin banda. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi a haƙorina. A hanya Madam ta ba ni labarin Yusuf Grillo, wanda ya yi karatu a Zariya, ya shugabanci sashen zane a kwalejinsu ta Yaba, ya rasu a 2021. Ya yi suna wajen tagogin gilashi masu launi a majami'un Legas, amma irin wancan aiki yanka ake yi a haɗa gutsattsari da dalma, nasu kuwa wuta ce ke haɗawa. Ta kuma ce kada in ɗauka Turawa suka koya wa ƙasar nan gilashi. A Ile-Ife, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, masu tonon tarihi, ciki har da Abidemi Babalola, sun tono tukwanen narka gilashi da dubban duwatsun ado, kuma bincike ya nuna a nan aka haɗa gilashin daga kayan ƙasar wurin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Na ce mata mu ma muna da Masaga. Na faɗa da ƙarfi, kamar ba ni ne na wuce su ina barci ba.

Gidan Lekki bene ne, gilasan na tagar matakala ne. An riga an manna kowanne da wani lafiyayyen gilashi ta baya da leda a tsakani, irin yadda ake yin na gaban mota, don ko ya fashe kada ya zubo wa mutane. Muka ɗora na ƙarshe rana ta karkata. Sai launi ya zubo a kan farin tayil, ya hau matakala, ya hau rigar mai fenti da ke tsaye da bokiti. Na fita waje na leƙo, ban ga komai na ciki ba sai inuwa. Na dawo ciki, haske tar. Nan ne hankalina ya bar masallacin Alhaji ya koma ɗakin mahaifiyata. Mu mutane ne masu son sutura, shi ya sa muke yin 'yan ƙananan tagogi mu kuma rufe su da labule mai kauri, tsofaffinmu su wuni cikin duhu da rana tsaka. Masu kuɗinmu kuwa sun koma kafa bangon gilashi baƙi yana kallon yamma, gida ya zama tanda, a yi ta ƙona man janareta don na'urar sanyi. Ga abin da yake shigo da haske ya tare ido, kuma ko ba launi, na taga zalla da aka kwantar a kan zane zai yi wannan aikin. A ganina shi ya fi dacewa da gidajenmu fiye da gidajen Lekki.

Jibi da safe na riga Malam zuwa. Ya taɓa murfi da bayan hannu, ya ɗaga. Ga dagina ya narke ya shige cikin gilashi, kore shar, babu ko tsaga. Na ɗaga shi sama na ce, "Malam, ina rashin jituwar?" Bai ce uffan ba. Ya ɗauko wasu baƙaƙen ledoji biyu irin na tabarau, ya sa ɗaya a ƙasa a kan fitila, ɗaya a sama, ya juya ta har wurin ya yi duhu, ya zura aikina a tsakani. Kowane guntun kwalba sai ga farin haske ya kewaye shi kamar wata ya yi lema. Ya ce, "Ka ga wannan? Faɗa suke yi. Kai ne ba ka ji."

Na ce a raina tsoratarwa ce. Na naɗe shi a hankici na kai gida, na nuna wa Kawu da maƙwabta, na ajiye a kan taga. Muna cin tuwo bayan magariba muka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinken sakace. Tsagar ta bi gefen dagin tiryan-tiryan, kamar da dayamon aka ja ta. Kawu ya ci gaba da cin tuwonsa, bai ko ɗago ba, wanda ya fi mini dariyar ciwo.

Na ƙara kwana uku. A karo na biyu na yi yadda aka ce: gilashin taga falle biyu daga fallen uwa ɗaya, fuskar kuza an san inda ta kalla, garin launi shuɗi wanda aka yi don irinsa. Ya fito da 'yan ƙwayoyin iska a ciki, na ɓata rai, Malam ya ce waɗannan ba aibi ba ne, su ne shaidar ba inji ya yi ba. A tsakanin baƙaƙen ledojin nan kuwa shiru, duhu ɗaya.

Na kira Alhaji na gaya masa kuɗin, ya yi salati, ya yi shiru, sannan ya ce yaushe za a gama. Na miƙa wa Malam wayar. Ya gaishe shi da ladabi ya ce tagogi takwas ne, tanderu biyu-biyu yake ɗauka, kuma kafin nan sai an gasa gwaji an aika masa ya gani da idonsa a hasken Kano, don ranar can ba irin ta nan ba ce. Alhaji ya ce ba za a iya ɗan hanzartawa ba? Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ni zan iya. Shi ne ba zai yarda ba."

Kawu ne ya ɗaure mini kayan da kansa. Ya naɗe lafiyayyen da fasasshen a ganyen fita kamar huhun goro, ya sa a tsumman buhu. A tasha ɗan kamasho ya so jefa shi a but, na ce sai dai a jefa mu tare. A cinyata ya kwana. Gari ya waye mana bayan Mokwa, rana ta shigo ta tagar mota, na kasa haƙuri na kwance ɗaurin na ɗaga shi. Shuɗin ya faɗa a kan farin hijabin matar da ke gefena. Ɗanta da ke kan cinyarta ya kai hannu zai kama, ya ga babu komai, sai ya juyo ya ƙura wa abin da ke hannuna ido.

Ya ce, "Baba, alewa ce?"